Neman katin zaman dindindin a Amurka ta hanyar aure: mu shigar da takardu yanzu ko mu jira matata ta zama 'yar ƙasa?

Mai Neman Haske:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon shawarar waɗanda suka san sha'anin shige da fice na Amurka, musamman waɗanda suka sami izinin zama ta hanyar aure, domin maganganun da nake ji daga bakin mutane sun saɓa wa juna har na rasa wadda zan kama.

Ni ɗalibi ne, ina karatun digiri na biyu da bizar ɗalibi ta F-1, kuma saura kimanin shekara guda in kammala. A bara na yi aure a nan Amurka, an yi rajistarsa bisa doka, muna riƙe da takardar shaida. Maiɗakina tana da katin zaman dindindin, amma ba ta zama 'yar ƙasa ba tukuna, kuma bisa lissafinmu sai nan da shekara ɗaya da 'yan watanni za ta cika shekara biyar ɗin da ake buƙata mai kati ya yi kafin ya zama ɗan ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ya dace mu shigar da takardu. Wasu sun ce mu dakata har ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, domin a cewarsu mijin 'yar ƙasa ba ya bin layi, kuma idan muka shigar yanzu za mu maƙale cikin masu jira. Wasu kuma sun ce mu shigar tun yau, har wani ya tabbatar mini cewa da zarar shaidar cewa hukuma ta karɓi takardunmu ta iso, ina iya ajiye karatun in kama aiki, tunda na shiga ƙarƙashin inuwar matata. Wannan magana ta yi mini daɗin ji saboda kuɗin makaranta yana yi mana nauyi, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Sannan akwai matsalar wurin zama. Makarantata tana wata jiha, ita kuma aikinta da danginta suna wata jihar, don haka ba ma haɗuwa sai ƙarshen mako da lokutan hutu. Ina tsoron kada jami'i ya ga adireshi biyu ya ɗauka auren bogi ne. Kuma ina so in je in gaida iyayena kafin in kammala, ga shi tambarin bizar da ke cikin fasfona ya kusa ƙarewa. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Ɗalibi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a auren. Ni ba lauya ba ne, amma na bi wannan hanyar daga bizar ɗalibi, kuma abin da zan faɗa maka yana nan a rubuce cikin ƙa'idojin USCIS, wato hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka.

Bari in fara da maganar ajiye karatu, domin ita ce mai haɗari. Kada ka kuskura. Takardar farko da maiɗakinka za ta cika ita ce fom I-130, tare da I-130A wanda kai za ka cika. Aikin I-130 biyu ne kawai: ya tabbatar wa hukuma cewa akwai aure na gaskiya tsakaninku, ya kuma kama maka gurbi a layi daga ranar da aka karɓe shi. Ba ya ba ka izinin zama, ba ya ba ka izinin aiki, ko da an amince da shi. Takardar da take mayar da kai mazaunin dindindin kana cikin ƙasa ita ce I-485, kuma ta dalilinta ake neman izinin aiki da fom I-765, da izinin fita da dawowa da fom I-131. Wanda ya ba ka waccan shawara ya gwama hukuncin mijin 'yar ƙasa da na mijin mai kati, alhali doka ta raba su sarai.

Miji ko matar ɗan ƙasa suna cikin rukunin dangi na kusa, wanda ba a ƙayyade masa adadi a shekara ba, shi ya sa suke iya aika I-130 da I-485 lokaci guda. Haka kuma idan sun shigo ta halastacciyar hanya, aka duba su aka ba su izinin shiga, wuce wa'adin biza ko yin aiki ba izini ba ya hana su shigar da I-485. Mijin mai kati kuwa yana rukunin F2A, wanda yake da iyaka: an ware wa rukuni na biyu na dangi biza 114,200 a shekara, kuma kashi 77 cikin ɗari na wannan adadi na ma'aurata ne da ƙananan 'ya'yan masu kati. Saboda iyakar nan ne Ma'aikatar Harkokin Waje take fitar da jadawalin biza kowane wata, kuma ba ka da damar shigar da I-485 sai jadawalin ya iso kan ranar da ka shiga layi. An yi lokutan da F2A ya kasance a buɗe babu jira, an kuma yi lokutan da ranar ta ja da baya, don haka ka duba na watan da kake ciki maimakon labarin wanda ya shigar shekarun baya. Abin da ya fi shafarka shi ne wancan sassauci bai haɗa da F2A ba. Idan ka bar makaranta, ko ka yi aikin da bizarka ba ta halatta ba, ka rufe wa kanka ƙofar I-485 muddin matarka ba ta zama 'yar ƙasa ba. Fita daga ƙasar domin a yi ganawar neman katin a ofishin jakadancin Amurka ma ba lallai ta zama mafita ba, domin tun dokar 1996, wanda aka lissafa masa haramtaccen zama na fiye da kwana 180 sannan ya fita, ana hana shi dawowa shekara 3, idan zaman ya kai shekara guda kuma shekara 10.

Game da tambayarka ta asali, ra'ayina shi ne ku shigar da I-130 yanzu. Masu cewa za ku maƙale ba su san takardar tana sauya rukuni ba. Ranar da maiɗakinka ta yi rantsuwa, buƙatar da ta shigar maka tana komawa rukunin dangi na kusa, ku dai ku aika kwafin takardar zama 'yar ƙasa da lambar fayil ɗinku ku sanar da hukuma. Ke nan idan layin F2A ya iso kanka tukuna ka ci riba, idan kuma rantsuwarta ce ta riga ba ka yi asarar komai ba. Jira kuwa yana rataya komai a kan abin da ba ya hannunku. Tana iya aika fom N-400 na neman zama 'yar ƙasa kwana 90 kafin cikar shekara biyar, amma bayan nan akwai jarrabawar Turanci da ta tarihi da tsarin mulki, akwai jiran ranar rantsuwa, kuma ba wanda zai iya tsayar maka da ranar da duk wannan zai ƙare, alhali karatunka zai riga shi ƙarewa. Saboda haka tun yanzu ka je ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje na makarantarku ka tambayi yadda ake neman OPT, wato izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa, wanda ake ƙara wa masu fannin kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi wata 24. Shi ne zai riƙe ka bisa ƙa'ida a tsakani.

Batun tafiya kuwa sai dai in ba ka haƙuri. Ƙarewar tambarin biza ba ta taɓa matsayinka matuƙar kana cikin ƙasa, takardarka ta I-20, wadda makaranta ta ba ka a matsayin shaidar ɗalibta, ba ta ƙare ba, kana kuma halartar darussa. Amfanin tambarin a wajen shigowa ne kawai. Amma idan ka fita dole ka nemi sabo, kuma bizar ɗalibi ana ba da ita ne ga wanda ya gamsar da jami'i cewa zai koma ƙasarsa. Fom DS-160, wanda ake neman bizar da shi, yana tambayar ko kana da aure, da ko an taɓa shigar maka da buƙatar zama, kuma dole ka faɗi gaskiya. Mai mata mazauniyar dindindin zai sha wuyar gamsar da jami'i, ko an shigar da I-130 ko ba a shigar ba. Bayan ka shigar da I-485 kuma, idan ka fita ba izinin I-131 a hannunka, za a ɗauka ka yi watsi da buƙatar.

Ina da tambaya ɗaya. Ta wace hanya maiɗakinka ta sami katinta? Idan ta hanyar wani aure ne da ya gabata, to idan ta shigar maka da I-130 cikin shekara biyar da samun katin, sai ta kawo ƙwaƙƙwarar hujja cewa wancan auren na gaskiya ne, sai fa idan mutuwa ce ta raba.

Uwar Tagwaye:

Malam Tsohon Ɗalibi ya gama magana a kan layi da biza. Ni zan tsaya a kan adireshi biyun, ɗan'uwa, saboda ni da maigidana ma a garuruwa daban-daban muka fara zaman aure sakamakon aikinsa.

Abin da jami'i yake nema shi ne ko a ranar da kuka yi aure niyyarku ta gina rayuwa tare ce. Zama a wurare biyu yana jawo ƙarin tambayoyi, babu shakka, amma ɓoye shi ne yake kashe buƙata. Akwai waɗanda ake ba shawarar su rubuta adireshi ɗaya domin abin ya yi kyan gani, alhali takardar haya da lasisin tuƙi da rajistar makaranta duk suna nuna wani wurin. Hukuma tana da bayanan makarantarka a rumbunta na ɗalibai, kuma idan ta kama saɓani, magana ta tashi daga ingancin aurenku ta koma kan yin ƙarya domin samun izini, wanda hukuncinsa haramci ne na har abada sai an sami afuwa ta musamman. Ku rubuta adireshi biyun yadda suke, ku haɗa da gajeriyar wasiƙa mai sa hannunku da ta bayyana dalili, da takardar makaranta mai nuna ranar kammalawa, da inda kuka shirya zama bayan nan.

A wajen hujjoji, mutane suna ba hotunan biki muhimmancin da ya wuce nasu. Abin da jami'i ya fi yarda da shi shi ne takardar da wani ne ya fitar ba ku ba, wadda take nuna kuɗinku da alhakinku sun cakuɗe. Asusun banki na haɗin gwiwa da ake amfani da shi da gaske, albashi yana shiga, kuɗin haya da na wuta suna fita, ya fi wanda aka buɗe aka zuba kuɗi sau ɗaya aka bari. Haka inshorar lafiya ko ta mota mai ɗauke da sunayenku biyu, da sa sunanka a takardar hayar gidan da take ciki, da takardar haraji wadda ta nuna ku ma'aurata ne; kada ɗayanku ya cika haraji a matsayin mara aure. A naku halin, ku riƙa adana tikitin mota ko na jirgi da rasit ɗin mai na zirga-zirgar ƙarshen mako, domin su ne za su cike giɓin da adireshi biyun suka bari. Hujjar da ta bazu cikin watanni ta fi wadda aka tara gab da ganawa nauyi.

Ranar ganawarmu, bayan mun ɗaga hannu mun rantse za mu faɗi gaskiya, jami'ar ta karɓi fasfo da ainihin takardar aure, ta buɗe fayil tana bin fom layi-layi tana sa alama da biro. Ta tambayi yadda muka haɗu, da ranar haihuwar juna, da sunayen surukai. Sai ta ɗauko bayanan banki, ta ɗora yatsa a kan wani kuɗi da yake fita duk wata ta ce na mene ne, na ce na wurin ajiye motarsa ne a garin da yake aiki, ta dubi maigidana ya gyaɗa kai, ta wuce. Da ta tambaye ni sunan shugabansa a wurin aiki na ce ban riƙe ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Shi ya sa nake gaya wa kowa kada ya haddace amsa, kada kuma ya yi kame-kame. Wanda bai tuna ba ya ce bai tuna ba, domin ƙirƙirar amsa ce take jawo a raba ku, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a gwada.

Ka kuma san da katin sharaɗi. Idan a ranar da aka amince maka aurenku bai cika shekara 2 ba, katin shekara 2 za a ba ka maimakon na shekara 10. Tsarin ya samo asali ne daga dokar yaƙi da auren bogi ta 1986, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5, ko tarar da ta kai dala 250,000, ko duka biyun. A cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya ƙare, ku biyu za ku cika fom I-751 na neman cire sharaɗin, da sababbin hujjoji, kuma wanda ya bari wa'adin ya wuce matsayinsa yana faɗuwa. Tunda a bara kuka yi aure, mai yiwuwa kafin a kai ga amincewa kun haura shekara biyun.

Mai Neman Haske:

Na gode ƙwarai, Yaya Tsohon Ɗalibi da Hajiya Uwar Tagwaye, Allah ya saka da alheri. Maganar ajiye karatu na cire ta daga raina. Game da tambayarka, Yaya, ta hanyar mahaifinta ta sami katin, kuma ni ne mijinta na farko.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ban ambata ba. Albashinta ba shi da yawa domin rabin lokaci take aiki, ni kuma aikin cikin makaranta nake yi wanda ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu, don haka ina tsoron kada abin da muke samu ya gaza a takardar ɗaukar nauyi, wadda ake nuna cewa akwai kuɗin da zai isa a riƙe ni. Sannan ni na taɓa yin aure a ƙasarmu kafin in zo, mun daɗe da rabuwa, kuma muna da ɗiya 'yar shekara 7. Wani mai cika wa mutane takardu ya ce in rubuta ban taɓa aure ba, in kuma bar maganar yarinyar sai na sami kati, wai hakan ya fi sauƙi.

Mai Bin Diddigi:

Ɗan'uwa, ka rabu da mai cika takardun nan tun kafin ya jefa ka inda ba zai iya fitar da kai ba. Sa hannunka ne zai kasance a ƙasan fom, bisa rantsuwa, ba nasa ba. A Amurka lauya mai lasisi, ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta tantance, su ne suke da hurumin ba da shawara kan shari'ar shige da fice, kuma idan suna wakiltarka suna haɗa fom G-28 a fayil ɗin da sunansu a kai.

Fom I-130 yana tambayar duk auren da kowannenku ya taɓa yi da ranar da ya ƙare, yana kuma tambayar 'ya'yanka duka, ko za su zo ko ba za su zo ba. Dalili kuwa shi ne aurenka na yanzu ba ya inganta a wajen hukuma sai an tabbatar na farko ya ƙare kafin a ɗaura shi. Abin da ya kamata ka sa a gaba ke nan: ka samo takardar rabuwa daga kotu ko hukumar da dokar ƙasarku ta ba hurumin bayarwa, mai nuna auren ya ƙare kafin ranar aurenka na yanzu. Ma'aikatar Harkokin Waje tana da jerin takardun haihuwa da aure da saki da take karɓa daga kowace ƙasa, ka duba na ƙasarku kafin ka kashe kuɗi a kan wadda ba za a karɓa ba. Duk takardar da ba da Turanci take ba sai an haɗa ta da cikakkiyar fassara, da shaidar mai fassarar cewa ya iya harsunan biyu. Ka kuma tuna abin da ka rubuta a DS-160 lokacin neman bizar ɗalibi, domin yana nan a ajiye. Idan ya saɓa da gaskiya, ko kuwa rabuwar ba ta tabbata bisa doka ba sai bayan aurenka na yanzu, kada ku aika komai sai kun zauna da lauya.

Ɓoye yarinyar kuwa cutar da ita ne kai tsaye. Tunda kun yi aure kafin ta cika shekara 18, doka tana ɗaukarta 'yar maiɗakinka, kuma a rukunin F2A tana iya bin bayanka a kan takardar da aka shigar maka. A nan nake so in ƙara wani abu a kan bayanin Malam Tsohon Ɗalibi. Rashin asara idan takarda ta sauya rukuni gaskiya ne ga mai zuwa shi kaɗai, amma rukunin dangi na kusa ba ya ɗaukar mabiya, kowa da nasa I-130. Ranar da matarka ta zama 'yar ƙasa, yarinyar za ta fita daga takardarka, sai an shigar mata da tata. Ban faɗi haka domin ku jinkirta ba, sai domin ku yi tunanin shigar mata da nata fom tun farko. Uban da ya rantse ba shi da ɗa, sannan ya dawo daga baya yana neman a kawo masa 'yarsa, da hannunsa ya miƙa wa hukuma dalilin sake buɗe fayil ɗinsa, ko da ya riga ya zama ɗan ƙasa.

Tsohon Ɗalibi:

Ƙarin da Malam Mai Bin Diddigi ya yi yana kan hanya, samuwar yarinya ta sauya lissafin. Saura takardar ɗaukar nauyi.

Ita ce I-864, kuma sai lokacin I-485 ake buƙatarta, don haka ƙarancin albashi bai hana ku shigar da I-130 yanzu ba. Dole maiɗakinka ta cika ta ko da ba ta samun komai, saboda ita ce mai nema maka. Abin da ake buƙata shi ne kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya gwargwadon yawan mutanen gida, ana kuma sabunta adadin kowace shekara a takardar I-864P, kuma yarinyar za ta shiga ƙidaya idan kun nema mata. Idan kuɗin ya gaza, ana iya ƙara naka, amma sai halastaccen aiki ne wanda zai ci gaba a wuri ɗaya bayan ka sami kati. Aikin cikin makaranta da wuya ya cika wannan sharaɗi, na OPT kuwa yana iya cikawa. Ana iya cike giɓin da kadara kamar ajiyar banki, wadda ta ninka giɓin sau biyar, ko sau uku idan 'yar ƙasa ce take nema wa mijinta. Hanyar da ta fi dacewa da irin halinku ita ce samun mai tallafawa na biyu: ɗan ƙasa ko mai kati da ya kai shekara 18, yake zaune a Amurka, kuma abin da yake samu ya isa ma'aunin idan aka haɗa iyalinsa da kai. Ba dole ya zama ɗan'uwa ba.

Amma ku gaya wa duk wanda za ku roƙa gaskiyar abin da zai sa wa hannu, domin mutane da yawa suna ɗauka wasiƙar shaida ce kawai, alhali yarjejeniya ce da gwamnati wadda kotu take iya tilasta aiki da ita. Idan ka karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi ana iya neman ya biya, kai ma kana da ikon kai shi ƙara idan ya ƙi tallafawa. Alhakin ba ya sauka sai ka zama ɗan ƙasa, ko an lissafa maka zango 40 na aiki, wato kimanin shekara 10, ko ka bar ƙasar ka rasa matsayinka, ko ɗayanku ya rasu. Saki ba ya sauke shi, ko daga kan matarka ko daga kan mai tallafawar. Na ga zumunci ya yi tsami saboda ba a faɗi wannan tun farko ba.

Idan lokacin I-485 ya zo, likitan da USCIS ta amince da shi ne kaɗai yake gwajin lafiya a fom I-693, kuma zai ba ka sakamakon a ambulan da aka liƙe, kada ka buɗe shi. Ku riƙa ɗauko fom daga shafin hukumar a ranar da za ku cika, domin ana sauya bugu da kuɗi, kuma tsohon bugu ko rashin sa hannu yana sa a dawo da takardun gaba ɗaya.

Uwar Tagwaye:

Tunda an ambaci saki, bari in ƙara wani abu saboda 'yan'uwa maza da mata da suke zaune cikin tsoro, ana yi musu barazana da kati duk lokacin da aka sami saɓani a gida. Mai katin sharaɗi yana iya cika I-751 shi kaɗai idan auren na gaskiya ne amma ya ƙare da saki, ko abokin zama ya rasu, ko ana dukansa ko muzguna masa. Wanda kuma bai kai ga samun kati ba, dokar hana cin zarafin mata ta 1994, wato VAWA, ta ba miji ko matar ɗan ƙasa ko mai kati da ake cutarwa damar nema wa kansa da fom I-360, ba tare da sani ko sa hannun mai cutarwar ba, kuma ta shafi maza kamar yadda ta shafi mata. Wanda yake cikin wannan hali ya ajiye kwafin fasfonsa da takardar aure da shaidar karɓa a wajen wani amintacce, ya kuma nemi lauya ko ƙungiyar ba da taimakon shari'a kyauta kafin ya sa hannu a kan kowace takarda.